Jan Gashin Ƙande

Duk macen da ke Dungas, in dai tana da gashin da za a kama, ta taɓa ɗora kanta a cinyata. Sunana Yalwa, kitso ne sana'ata, kuma ba na fitar da sirrin kai. Na san mai sanƙo, na san mai ƙwarƙwata, na san wadda ke cusa ulu tana cewa gashin gado ne. Labarin Ƙande kuwa ita da bakinta ta ce in bayar, don ta ce in ban bayar ba wasu za su bayar, su ƙara masa gishiri.

A wata ruga aka haife ta, can gabas da nan, wajen Malawa. Uwarta Bafillatana ce, ta rasu tun Ƙande ba ta yi famfara ba. Goggonta ta ɗauke ta ta kai Damagaram, a can ta girma, ta yi lekol, wato boko, daidai gwargwado, ta koyi dama fura irin ta uwarta da tafiya irin ta 'yan birni. Rugar kuwa fari ya watsa ta, kowa ya bi shanunsa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mamadu tela, ɗan garin nan da ya je koyon ɗinki a birni, shi ya auro ta ya kawo mana, tun Dungas ba ta yi mafarkin zama departema, wato babbar gunduma, ba. Ta zo da akwatin ƙarfe, da takalmi mai tsini da yashin garinmu ya hana ta sawa, da wata ɗabi'a ta cewa "mersi" maimakon "na gode" in an miƙo mata ruwa. Mata suka riƙe wannan "mersi" ɗin suna jiran abin da zai biyo baya.

Bai daɗe ba ya biyo. Ta zo kitso wata Alhamis da hantsi, tsakar gidana cike da mata a inuwar dogon yaro. Da layi ya zo kanta ta zauna, ta kwance ɗankwali. Gashi ne mai yawa, mai laushi, har kafaɗa, amma ja, launin jar dawa. Hirar da ake yi ta tsaya.

Wadda ta fara magana wata dattijuwa ce da shuni ya riga ya ɓata mata wuyan riga. Ta ce, "Amarya, da me ake yin wannan a birni?"

Ƙande ta ce, "Haka aka haife ni, Iya."

Ba wadda ta ƙaryata ta. "Allah sarki" kawai suka ce, kusan a tare, kuma da sun ƙaryata ta da ya fi sauƙi.

Ya kamata in yi bayani, don wanda ba ɗan garin nan ba zai rikice. A wurinmu shuni a ka ba rini ba ne, gyara ne. Lalle a kan tsohuwa ba rini ba ne, sunna ce. Amma ja a kan yarinyar da ta fito daga birni, wannan rini ne, kuma kowa ya san irin matan da ke yinsa, ko da yake ba wadda ta taɓa ganin ɗaya da idonta. Ni da yatsuna ke cikin gashin na ga ja ne har tushe, na kuma faɗa. Aka ce ai rinin birni har cikin fata yake shiga.

Ƙande ta fara sana'ar fura, kuma furarta ta fi ta kowa, amma iyaye suka hana yara zuwa saye. Ana bikin maƙwabta sai ta ji guɗa ta katanga. In ta je rijiya, sai kowa ta tuna ta bar tukunya a wuta. Mamadu mutumin kirki ne, amma ba mutumin magana ba. Da ta kai masa kuka ya ce shi da idonsa a buɗe ya aure ta, mutane sai haƙuri, ya ci gaba da taka kekensa. Sai dai shi ma ɗinkin salla ya ragu masa a shekarar, don maza sun fara cewa ba sa son matansu su riƙa shiga gidan.

Wata ranar kasuwa ta shigo gidana bayan kowa ya watse, ta tura ƙyaure, ta zaro wani ɗan kwali daga cikin zane. Baƙin rini ne da 'yan kasuwa ke kawowa daga Maigatari.

Ta ce, "Yalwa, rina min."

Na ce, "Ke da ake zargi da rini?"

Ta ce, "Shi ya sa."

Na rina mata. Kafin sati ya zagayo garin ya ɗauka cewa matar Mamadu ta tuba, ta daina rini. Furarta ta fara ƙarewa kafin azahar. Malamar da ke karantar da mata a lokacin, Allah ya jiƙanta, har misali ta yi da ita a wa'azi: ga baiwar Allah nan da ta bar ƙyale-ƙyalen birni ta koma ga halittar da Allah ya yi mata. Ƙande na zaune a sahun gaba, ta sunkuyar da kai, kunnenta na dama da sauran baƙi a bayansa don hannuna bai gama gwanancewa ba.

Haka muka yi fiye da shekara talatin. Da tushe ya fara leƙowa sai ta zo, mu tura ƙyaure. Ba ta taɓa neman madubi ba. Ta zama babbar mace a unguwa, ita ake kira wankan amarya, ita ke raba tuwon suna. Da zamani ya juya, 'yan mata suka fara dawowa hutu daga Yamai da Damagaram da bakin gashi ruwan ɗorawa ko ruwan goro, wurinta iyaye ke jawo su, wai ta yi musu nasiha tunda ita ma ta taɓa shiga wannan hali Allah ya fisshe ta. Sai ta kalli yarinya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ki riƙa ɗaura ɗankwali da kyau, ki kuma riƙa cin abinci, kin rame." Iyayen su tafi suna yaba hikimarta.

Da furfura ta fara zuwa na ce mata, "To, yanzu kin huta, fari ba ya jawo magana." Ta ce a'a, in aka ga ta tashi daga baƙi wuluk ta koma fari fat a wata ɗaya, za a gane. Muka ci gaba. Ni kaɗai na san cewa jan yana ja da baya kowace shekara, har ya rage ɗan wuri a ƙeya, bai fi tafin hannun jariri ba.

'Yarta ta fari Hamida ce. Gashin ubanta ta ɗauko, baƙi mai tauri, mai karya min mataji. Ƙande ba ta taɓa faɗin sunanta ba, alkunya irin ta 'yar fari, sai dai "yarinyar nan" ko "waccan". Hamida ta yi karatu, ta samu aiki da wani furoje, wato shirin 'yan agaji na haƙa rijiyoyi, tana zagaya ƙauyuka tana yi wa mata bayanin tsaftar ruwa. Ta auri Sirajo, wani yaro mai sayar da wake a Bande, suna son juna ƙwarai. Mamadu bai ga jikarsa ba, ya rasu da damina kafin cikin ya fito.

Hamida ta zo goyon ciki gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta haifi mace, lafiyayya, da gashi cike da kai. Da na karɓe ta na buɗe zanen, na kalli Ƙande, Ƙande ta kalle ni. Jar dawa sak.

Ranar suna dangin Sirajo suka iso daga Bande da hantsi, uwarsa Hajiya Fadi a gaba. Mace ce mai tabarau, mai magana a hankali, irin wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba don ba ta taɓa buƙata ba. Aka miƙa mata jaririya kafin wanzami ya yi aski. Ta cire hular, ta sake mayarwa, ta sake cirewa.

Ta ce, "A danginmu babu wannan." Ta ɗaga ido ta kalli gefen ɗankwalin Ƙande, inda baƙin aikina ke sheƙi. "A naku ma ban gani ba."

Ba a jima ba wata daga cikin 'yan rakiyarta ta tuna cewa bara an ga wani Bature a motar furojen su Hamida. Gaskiya ne an gan shi. Sau ɗaya ya zo, ya leƙa rijiya, ya ɗauki hoto ya tafi, kuma sanƙo ne da shi har ƙeya. Wannan bai hana kowa tuna cewa jan gashi ne da shi ba. Ungozomar asibiti, wadda muke kira sajfam, tana wurin, ta ce irin wannan gado ne, yakan tsallake uwa ya faɗa kan jika. Hajiya ta ce ta gode, sannan ta tambayi ta kusa da ita ko sajfam ɗin ba 'yar Yamai ba ce.

Nan Ƙande ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. A gaban surukai, a tsakar gida, ta kwance ɗankwalinta ta durƙusa a gabana. Ta ce, "Yalwa, tsaga ki nuna musu."

Na tsaga. Tushen ya ɗan leƙo, fari a gaba, fari a tsakiya, ja a ƙeya. Mata suka matso suka duba. Wata ta ce, "Lalle ne. In aka sa wa furfura lalle haka take yi." Kuma abin haushin, gaskiya ta faɗa, haka take yi. Na rantse musu cewa ni nake rufe jan nan tun Hamida ba ta zo duniya ba. Aka ce ai ƙawarta ce, kuma mai sana'ar rini. Aka juya ga tsofaffin unguwa da suka ga kan Ƙande tana amarya. Suka ce tabbas sun gani, ja ne, amma rini ne, ta kuma tuba, har Malama ta faɗa a wa'azi.

An raɗa suna, Ruma'isa, an yanka rago tunda an riga an saya. Wanzami ya yi aski. Hajiya ta tattara gashin da kanta, ta ƙulle a bakin gyalenta. Da za su tafi ta ce wa Hamida kada ta yi gaggawar dawowa in ta yi arba'in, ta huta sosai, za a aiko. Kowa ya san ma'anar "za a aiko". Sirajo ya tsaya a zaure yana murza makullin babur, ya kasa kallon kowa. Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Hamida ta yi kuka har nononta ya nemi ɗaukewa. Ta ce, "Inna, me ya sa ba ki taɓa gaya min ba? Ni na zaci furfura kike rufewa."

Ƙande ta ce, "Ba ki tambaya ba. Sha kununki."

Bayan kwana biyu ta zo min da sassafe da ƙullin kaya. Ta ce in bar wa ƙanwata dafa ruwan jego na yau, in raka ta. Muka hau motar Magarya, daga can muka kama ta Bande. Da muka sauka ta tsaya a wani kanti ta sayi reza sabuwa.

Muka tarar da Hajiya tana tsince wake. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi mai jego da jaririya kamar babu komai. Sai Ƙande ta kwance ɗankwali ta miƙo min rezar.

Na ce, "Ƙande, ki yi wa Allah."

Ta ce, "Aske."

Na aske. Ba zan ɓoye ba, kuka nake yi ina askewa. Gashin nan ni na yi renonsa, na san kowace tsaga a cikinsa, ga shi yana zuba a tabarmar mutane kamar an yi wa tunkiya sausaya. Matan gidan suka fito suka tsaya cirko-cirko. Da na gama, ta shafa kanta sau ɗaya, ta juya ga Hajiya.

Ta ce, "Hajiya, zan zauna a nan har ya tsiro. Ruwan da kika ba ni da shi zan yi wanka, sabulun da kika ba ni shi zan sa. Abin da ya fito ki gani da idonki."

Hajiya ta ce, "Suruka ba ta kwana gidan suruka."

Ƙande ta ce, "Na sani."

Baƙon da ya riga ya sha ruwan gida ba a korarsa. Hajiya ta sa aka share mata ɗakin da ke jikin nata. Kafin in kama hanya na ga ta tattara lallen gidan duka ta kulle a akwati. Daga baya na ji har manja da goro da zoɓo ta hana a kai kusa da baƙuwar.

Abin da ya faru a makonnin nan daga bakin Ƙande na ji. Kowace safiya bayan koko sai ta fito ta zauna a kan turmi, ta cire ɗankwali, Hajiya ta gyara tabarau ta zagaya ta. Hajiya ta ce, "Fari ne." Ƙande ta ce, "To." Sai su shiga aikin gida. Ƙande ba ta iya zama haka nan, ta karɓe damun furar gidan, har mai gidan ya fara tambayar ko baƙuwar za ta daɗe. Ita da Hajiya suka riƙa surfe tare, suna hirar tsadar taki da ciwon gwiwa, ba wadda ke ambatar Hamida.

Wata rana ta ari wayar wata jikar gidan ta kira ni. Muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Yalwa, kin tabbata kin gan shi? A ƙeyar?" Na ce na tabbata. Amma da na ajiye wayar ni kaina na fara shakka, don na san yadda wurin ke ƙanƙancewa, kuma tashin hankali na saurin farar da kai. In ya fito fari duka, ta yi asarar gashi, ta yi asarar mutunci, auren yarinyar kuma ya tafi.

Mutuncin kam ya riga ya tafi. A Dungas an gama yanke hukunci: ashe shekarun nan duka baƙin rini take yi, wanda malamai suka ce ya fi ja muni. Waɗanda suka ce jan ƙarya ne da waɗanda suka ce baƙin ƙarya ne suka haɗu a kan cewa dama 'yar birni ba ta sakin halinta. An yi biki biyu a unguwa, wata daban aka kira wankan amarya.

Ana saura kaɗan Hamida ta yi arba'in Hajiya ta aiko in zo. Na tarar da Ƙande a kan turmi a tsakiyar rana, kanta kamar an barbaɗa gari. Na zagaya bayanta. Yana nan. Ya ƙara tsukewa, amma yana nan, ja a cikin fari.

Hajiya ta kwance bakin gyalenta, ta zuba gashin jaririyar a tafin hannu, ta kara a ƙeyar Ƙande. Ta duba da tabarau, ta cire ta duba babu tabarau. Ta lashi yatsa ta murza wurin da ƙarfi, ta kalli yatsan. Ta kira matan gidan ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta tuna Baturen. Kowace ta duba ta ja da baya.

Hajiya ta ɗaga murya kaɗan, karo na farko da na ji, ta ce, "Sirajo." Ya fito daga zaure kamar dama a bakin ƙofa yake. Ta ce, "Ka nemo mota mai kyau ranar arba'in, ka je ka ɗauko matarka. Ka kuma kunna wayarka." Yaron ya durƙusa a gaban Ƙande, ya buɗe baki, kuka ya ƙwace masa. Ta ce masa ya tashi, rana na dukansa.

Hajiya ba ta ba da haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa. Shiga ɗaki ta yi ta fito da sabon gyale, ta yafa wa Ƙande a ka da hannunta. Sannan ta juyo gare ni, cikin natsuwa, ta ce, "Mai kitso, wannan baƙin naku, yarinya tana kai shekara nawa ake fara sa mata? Kin san halin mutane."

Na buɗe baki zan ba ta amsar da za ta daɗe tana tunawa, Ƙande ta riga ni.

Ta ce, "Hajiya, ni na riga na sa mata nata, har da na 'ya'yanta. A bar kan Ruma'isa yadda yake. In an tambaye ku, ku ce gadon uwar Hamida ne."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ita ma da ta ji ya fita, sai ta hau gyara gyalen.

Muna jiran motar Magarya a gindin wani gawo, ta ce in matso. Ta ɗaga gyalen ta baya.

Ta ce, "Kowa ya gani sai ni. Ciro min ɗaya."

Na sa farce na tsinko guda, gajere, na ɗora mata a tafin hannu. Ta kare shi da ɗaya hannun kada iska ta ɗauke, ta kai kusa da ido, ta nisantar, ta juya shi wajen haske. Ta daɗe.

Ta ce, "Na Innata ya fi wannan ja. In tana tatsar shanu da safe, ta bayanta nake tsayawa."

Motar ta iso, yaron mota na kiran Magarya. Ta ƙulle gashin a bakin zanenta, ta ce in riƙe mata ƙullin kayan ta hau.